Sun Ci na Hannuna, Sun Kori Ƙafata

Baffana Sule ya ce ƙafata ce ta sa aka ci ƙasarmu a wasan ƙwallo. Ya faɗi haka a gaban maza cike da zaure, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina riƙe da tiren abincin da na wuni ina yi masa. Ya kore ni, amma bai kori tiren ba. Ya rasu yanzu, Allah ya ji ƙansa, kuma na yafe masa kamar yadda aka umarce mu. Sai dai yafewa daban, yin shiru daban. Sai da na haifi 'ya'ya biyar kafin in zauna a ajin manya in koyi riƙe biro, kuma tun ranar da hannuna ya faɗa da rubutu na san wannan magana sai ta hau takarda.

Ranar Asabar ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, a gidanmu na Kabara. Duk lungun ƙamshin suya yake yi. Fatun raguna an baje su a kan katanga an barbaɗe su da gishiri, ƙudaje na ta shagalinsu, tukwanen kitse a jere a gindin rumfa, kowane yaro leɓensa na maiƙo. Gidan namu irin na da ne, ginin ƙasa mai azara: ka shiga zaure, ka bi ta wani siririn soro mai duhu, sannan ka faɗo tsakar gida inda rijiya take, da turmi, da tanderun Inna a kusurwa, bangon bayansa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. A makon nan ne Baffa Sule, ƙanen mahaifina, mai rumfar kayan fata a kasuwar Kurmi, ya sayo talabijin mai kala. Shi ne na farko a layinmu. Ya kafa shi a zaure a kan benci, ya ɗaura eriya a jikin gora ya cilla ta sama, ya aro ɗan janareta saboda kada wuta ta ba shi kunya, ya kuma gayyaci duk wanda ya taɓa yi masa kallon banza ya zo ya ga 'yan wasanmu da wata ƙasa da yamma.

Ni a lokacin rayuwata ba ta wuce tanderu da tire ba. Inna gurasa take yi, ni ce hannunta kuma ni ce ƙafarta. Da asuba in ja ruwa, in hura wuta, in tankaɗe fulawa. In hantsi ya yi in ɗauki tire in zaga gidajen da suke saye, in dawo in tafi makarantar allo. Ta boko kuwa ƙannena maza ake yi wa ɗinki su tafi, ni ce mai wanke musu kayan. Wasanmu na 'yan mata carafke ne da 'yar gala-gala da langa, kuma a langa babu wadda take kayar da ni. Amma abin da yake cin raina ƙwallo ne. Ina tsayawa da tire a ka ina kallon samari suna buga ta a filin bayan masallaci har gurasa ta huce Inna ta yi mini faɗa. Ina jin mai sharhi a rediyon Baba yana shaƙewa kamar wanda ake yankawa, in ta tambayar kaina wane irin fili ne wannan da mutum zai yi ta gudu bai ci karo da kwata ko akuya ba. An ce mini ciyawa ce shimfiɗe kamar darduma. Ban yarda ba. Na fi so in gani da idona.

Da safiyar ranar Baffa ya leƙo tsakar gida yana sakace haƙori, ya ce wa Inna yana son a yi wa baƙinsa mai-rawani. Inna ta ce ita ta gaji, kwana uku tana kan wuta, bayanta ya ƙage. Sai ya juyo gare ni.

"Hansai, ke fa? An ce kin iya."

Na ce na iya, amma da sharaɗi. Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce, "Ka ji 'yar kasuwa. Faɗi." Na ce a bar ni in kalli wasan. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, in kawo abinci in raɓe a bayan ƙyaure, babu mai ce mini kanzil. Na ce ya rantse. Ya ce, "Ke, ni sa'anki ne? Na faɗa miki, magana ta zauna." Inna tana ji, ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba.

Mai-rawani abincin gidanmu ne, ban taɓa ganinsa a wani gida ba. Inna ta ce a wurin wata tsohuwa jikar Larabawa ta koyi cusa nama a hanji, sauran kuwa dabararta ce. Aiki ne na wahala, shi ya sa sai da Sallah ake yinsa. Na ɗauko ƙananan hanjin rago da aka ajiye a gishiri, na tsuguna bakin rariya ina juya su ciki ya koma waje da tsinke, ina kankarewa da bayan cokali, ina zuba ruwa da buta, in wanke da lemon tsami in sake wankewa, har suka yi fari fes kana hango yatsanka ta cikinsu. In ka yi garaje ya huje, aikin banza. Na yanka jan nama ƙanana da ɗan kitse, na zuba a turmi da albasa da citta da masoro da kanumfari da ɗan garin ƙuli, na yi ta daka har kafaɗuna suka mutu. Taɓaryar ta fi ni tsawo. Sannan na sa bakin mazurari a hanjin ina tura naman da babban yatsa, kaɗan-kaɗan, ina ɗaurewa da zare duk tsawon ɗan yatsa, ina tsira masa allura don iska ta fita. Na tafasa su sama-sama, na soya a kitse har suka yi ja. Mage ta zo ta zauna tana kallona kamar mai bina bashin gaisuwa, na jefe ta da takalmi.

Kwaɓin kuwa tun da hantsi na yi shi, fulawa da yis da gishiri da ɗan sukari, mai tauri, ba irin na gurasa mai ruwa-ruwa ba. Na rufe shi da tsumma a rana ya kumbura ya cika kwarya. Sai in gutsuro, in murza a kan faifai ya zama igiya, in naɗe naman da shi zagaye-zagaye in bar kansa a waje, in soke wutsiyar a ƙasa kamar yadda malamai suke soke ƙarshen rawani. Daga nan sunan ya fito. Inna takan ce, "Naɗin malalacin malami kada ki yi mini, wanda iska take kwancewa."

Asirin abin yana wurin kanwa. Ana jiƙa kanwa ungurnu, a tace, a zuba a tukunyar ruwa yana tafasa, sai a riƙa tsoma naɗaɗɗun ɗaya bayan ɗaya, ki karanta Ƙulhuwallahu ƙafa biyu ki tsame. In kin gaza haka ba zai yi launi ba, in kin wuce ya yi ɗaci kamar sabulu. Wannan wankan kanwar shi ke sa bayansa ya yi ja jawur yana sheƙi, ya yi ɗan tauri, cikin kuma laushi kamar auduga. Na barbaɗa riɗi da gishiri mai tsakuwa, na jera a farantin ƙarfe, na zura cikin tanderu bayan harshen wuta ya mutu, na rufe da murfi na zuba garwashi a kai. A nan ne gefen tanderu ya lashe mini hannu. Tabon yana nan har yau a ƙasan gwiwar hannuna na dama, kamar ganyen zogale. Ban yi kuka ba, na shafa gishiri na ci gaba, don na riga na ji janareta ya tashi.

Rabin farko na wasan a kunne na kalle shi. Ina durƙushe gaban wuta, gumi na shiga mini ido, sai in ji zaure ya ɗauki "Kai! Kai! Kai!" sannan ya yi tsit. Can sai ihu ya tashi har ƙasa ta zubo daga azara, kaji suka watse, wani ya fito lungu da gudu yana cewa mun ci. Inna ta ce, "Allah ya shirya, kamar an yi musu bushara da Aljanna." Sau biyu Baffa yana ƙwala kira daga soro wai ina abincin, sau biyu ina cewa saura kaɗan, don na rantse ba zan kai ɗanye a yi mini dariya ba. Da na buɗe murfin na ƙarshe, wallahi ko Inna sai da ta kalla sau biyu. Ba ta yaba ba, ba ta yabo. Ta dai ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta ce in wanke fuska in sa gyale.

An dawo daga hutun rabin lokaci na shiga. Na yi sallama babu wanda ya amsa, duk idanu na gaba. Zauren ya cika maƙil, warin gumi da turare da goro, wasu a tabarma, wasu a tsaye jikin bango, Baba yana can gefe da carbinsa kamar ba kallo yake ba. Na tsallake takalma na tsaya da tire. Sai na gan shi, filin nan. Ashe gaskiya ne. Kore shar, shimfiɗe, babu rami babu kwata, an ja masa fararen layuka, mutane ƙanana kamar na wasan yara suna yawo a kai. Na manta da ƙunar hannuna. Na ga ɗaya daga cikin waɗancan ya karɓi ƙwallo, ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, na ce a raina wannan ya iya, ban ma san ba namu ba ne. Ya buga. Golanmu ya faɗi hagu, ƙwallo ta tafi dama, raga ta motsa.

Iyakar abin da na gani ke nan. Bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba.

Malam Iro tela, abokin Baffa, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ya fara waiwayowa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙafafuna da suka yi furu-furu da toka da fulawa. Ya ce, "To, ga ta nan. Tun ɗazu muna lafiya, tana sako ƙafa aka zura mana." Wani ya yi dariya. Da a nan abin ya tsaya da wasa ne. Amma Baffa ya miƙe, fuskarsa ta kumbura, talabijin ɗinsa ya kunyata shi a gaban baƙi kuma dole a sami mai laifi.

"Wa ya ce ki shigo yanzu? Farar ƙafa kawai. Ajiye tiren ki fita."

Na ce, "Baffa, kai ka ce."

"Fita, kafin ki ƙarasa mu."

Na dubi Baba. Ya dubi carbinsa. Na ajiye tiren, ban kai bakin soro ba na ji hannaye sun faɗa masa, na ji Malam Iro da cikakken baki yana cewa, "Kai, amma abin nan ya yi." Ku ji fa. Hannun da ya yi abincin da ƙafar da ta kawo shi duk jiki ɗaya ne, amma ɗaya albarka ɗaya tsiya. Daga baya aka sake zura musu ta biyu, wasan ya tashi an ci mu. Lokacin ina bakin rijiya ina kankare faranti. Har yau ina so a gaya mini wannan ta biyun ƙafar wa ce.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ce mene ne abin zafi a nan, yarinya ce aka hana kallo. Ba kallon ba ne. Kalmar ce. A wurinmu in aka ce mace farar ƙafa ce, ana nufin duk inda ta taka arziki ya gudu. Akwai wata Yahanasu a bayan layinmu, shagon mijinta ya ƙone wata biyu da tarewarta, shi ke nan aka liƙa mata. Na tashi na gan ta tana zuwa gidan suna ana ba ta tabarma a bakin ƙofa, ana miƙo mata abinci daga nesa, masu jego suna ja wa jarirai zane. Mace mai kirki, mai tsafta, ba ta taɓa cin na kowa ba. Haka ta tsufa. Ni kuma sana'ata shiga gidajen mutane ce. Kowace safiya ƙafata tana tsallake dokin ƙofa fiye da goma. In kalmar ta zauna a kaina, ta zauna a kan tanderun Inna.

Ba ta ɓata lokaci ba kuwa. Kafin a kira magariba yaran lungu sun mai da ita waƙa, suna tafi suna bin bayana da na fita zubar da toka. Sai ga Hajiya Kulu maƙwabciyarmu, wadda kullum take sayen gurasa, ta shigo tana gyara mayafi tana kame-kame. Ta gaishe da Inna, ta yi barka da Sallah karo na uku, sannan ta sauke murya, amma ba yadda ba zan ji ba. "Yaya Abu, ba don komai ba, kin san Alhaji ya sa kaya a hanya. Gobe ko za ki bari in aiko a karɓa? Kada yarinya ta wahala." Inna ta ce to. To kawai.

Wannan to ɗin ya fi maganar Baffa yi mini ciwo, kuma sai da na girma na gane shi, ko da yake ganewa ba ta sa na yarda da shi ba. Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "'yar nan". A al'adarmu uwa ba ta tsaya wa ɗanta na fari a gaban mutane, uba ma haka, kunya ce, kara ce. Da ƙanena aka yi wa, da Inna ta ɗaga labule ta wanke Baffa tas. Da yake ni ce, sai ta haɗiye. Ana kiran wannan tarbiyya, kuma na san akwai kyau a cikinta. Amma ni abin da na gani a ranar shi ne an ɗora wa yarinya dutse a ka, mutum biyun da suka fi kowa sonta sun naɗe hannu saboda kada a ce ba su da kunya. Bayan Hajiya Kulu ta fita Inna ta jawo hannuna, ta shafa mini man kaɗe a ƙunar, ta daɗe tana shafawa, fiye da yadda ƙunar take buƙata. Abin da ta iya ke nan. Na gane in ban cire wa kaina kalmar nan ba, babu mai cire mini.

Yanzu duniya ta sake. Tanderun Inna ya rushe, an yi ɗakin siminti a wurin, ita ma ta tafi. 'Ya'yana mata suna kallon ƙwallo a waya suna kwance a gado, suna musu da yayyensu a kan ofsaid, babu mai duba musu ƙafa. Ranar babban wasa nakan yi mai-rawani a murhun gas, da naman da injin markaɗe ya niƙa, ya yi kyau amma ba ya ƙamshin garwashi, kuma babu mai karya ɗaya ta duba cikinsa ta yi shiru. Kujerar gaba tawa ce, kowa ya sani. Sai dai kalmar ba ta mutu ba. Har yanzu ina jin ta a gidajen biki, a bakin mata masu digiri, kuma duk inda na ji ta sai na tanka, ko gidan wa ne. Wasu na cewa Hajiya Hansai ba ta da kara. Gaskiya ne, tun ina ƙarama na ga abin da kara take ci.

Washegarin ranar da aka kore ni, na tashi na yi aikina kamar kullum. Na ja ruwa, na hura wuta, Inna ta gasa gurasa. Na wanke ƙafafuna da sabulu da dutse har suka yi ja, na ɗauki tire. Amma ban bi gidajen da na saba ba. Na miƙe Kurmi, na kutsa ta layin masu kayan yaji, na wuce masu dinga sirdi da linzami, har rumfar Baffa. Na san abin da kowa ya sani, cewa ɗan kasuwa ba abin da yake tsoro kamar wanda zai fara taka masa rumfa kafin ya yi cinikin farko. Na kuma san kasada nake yi da sunana, don bayan Sallah kasuwa a mace take, in Allah bai kawo mai saye ba na tabbatar musu da bakina.

Na same shi ya gama shara yana rataye jakunkuna. Malam Iro yana tsallaken hanya yana zuba wa kekensa mai. Na sauke tire a kan dakali, na tuɓe silifa, na yi bisimilla da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, na shiga da ƙafar dama, na bi da ta hagu.

"Baffa, ina kwana."

Ya juyo, jaka a hannu. "Ke, lafiya? Me ya kawo ki?"

"Ƙafar na kawo maka. Zan zauna a nan har azahar. In ba ka yi ciniki ba, ka yi gaskiya, ka gaya wa duk Kurmi. In ka yi, yau da yamma ka tara mutanen jiya a zaure ka ce ba haka ba ne, ina tsaye."

Baffa ya rataye jakar da ke hannunsa. Maƙwabtan rumfa sun fara leƙowa, ya san in ya ɗaga mini hannu ko ya jawo ni waje, ya nuna wa kasuwa yana tsoron ƙafar 'yar wansa. Malam Iro ya ajiye gwangwanin mai.

Na zauna a kan buzunsa, na miƙe ƙafafuna biyu suna kallon hanya, na jira mai saye na farko.